Yadda Ake Shimfiɗa Intalok da Gina Dakali a Tsakar Gida Lokacin Kaka

Duk mai niyyar gyara tsakar gidansa, ko da shimfiɗa intalok, wato duwatsun kankare da ake jerawa a ƙasa, ko da gina dakali, babu lokacin da ya fi masa dacewa kamar kaka, wato daga sanda ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba har zuwa kafin hunturu ya kankama a Disamba. A wannan tsakani ƙasa tana da sauran danshi, saboda haka tana karɓar daɓe ta zauna daram, kuma babu fargabar hadari ya taso da rana tsaka ya wanke yashin da aka baje. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne damina ba ta daɗe da wucewa ba, shaidarta tana nan a gidan: inda ruwa ya kwanta akwai gansakuka, inda ya yi gudu ya bar zaizaya, kuma jikin katanga yana ɗauke da zanen iyakar inda laima ta hau. Wanda ya bari sai Maris, waɗannan alamu duk sun goge, kuma ƙasar ta bushe ta yi tauri.

Matakin farko ba ya buƙatar ko kwabo. A zagaya gidan da alli ko gawayi a hannu, a yi alama a duk wurin da ruwa ya saba taruwa, a duba inda indararo ko bakin kwano yake zubarwa, sannan a tsaya a bakin rariya a tabbatar cewa ita ce wuri mafi ƙasa a duk tsakar gidan. A tambayi matan gida ma, domin su ne suke sharar ruwan bayan kowane ruwan sama, sun fi kowa sanin inda yake maƙalewa da ƙofar ɗakin da yake yi wa barazana. Na koyi wannan ne bayan na yi asara. Shekarar da aka fara shimfiɗa mana intalok, mai aikin ya zuba yashi a kan ƙasar yadda ya same ta, ya jera duwatsu cikin kwana biyu, kowa ya zo yana yaba kyan wurin. Ruwan Agusta na farko da ya sauka da daddare, da asuba na fito alwala na tarar da takalman yara suna yawo a kan ruwa a ƙofar ɗakin mahaifiyata, domin sabuwar shimfiɗar ta fi bakin rariya tudu da kusan faɗin tafin hannu har ta tare shi, ruwan ya rasa hanyar fita sai ya nufi ɗakuna. Sai da muka ɗaga rabin wurin muka sake aikin daga tushe.

Daga nan sai a yanke shawarar inda za a shimfiɗa da inda za a bari. Ra'ayina shi ne kada a rufe tsakar gida gaba ɗaya. Siminti yana shan rana da bazara, ya riƙa feso zafi har bayan isha'i, kuma gidan da babu ko taki ɗaya na ƙasa a buɗe yana tura duk ruwan samansa zuwa lungu da gidajen maƙwabta. A bar fili zagaye da kowace bishiya, aƙalla mita 1 daga gindinta ta kowane ɓangare, a ƙara fiye da haka idan darbejiya ce ko mangwaro, domin saiwarsu tana ɗaga duwatsu idan an matse ta. Haka nan duk wani bututun ruwa, ko na wanke-wanke da zai tafi sokawe, wato ramin da ruwan datti yake taruwa, ko wayar lantarki da za a kai rumfa, a binne su tun yanzu kafin a fara.

Lissafin kaya

A auna tsawo da faɗi da tef, a ninka su. Mu ɗauka tsakar gidan mita 8 ce a tsawo da mita 5 a faɗi, murabba'in mita 40 ke nan. Intalok mai siffar bulo, wanda tsawonsa santimita 20 ne faɗinsa 10, guda 50 ne suke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka ana buƙatar 2,000, sai a ƙara 100 zuwa 200 saboda yanka da karyewa da kuma ajiyar gyara nan gaba. Mai kaurin santimita 6 ya wadatar ga wurin da mutane suke takawa, har ma da ƙaramar mota, amma inda tankar ruwa ko tifa za ta riƙa shiga sai mai santimita 8. Burji ko tsakuwar da za a yi gado da ita, wato shimfiɗar ƙasa da za ta ɗauki yashi da duwatsun, idan kaurinta santimita 10 ne, za ta kai mita 4 ta ma'aunin cika bayan an daɓe, saboda haka a sayo fiye da haka domin daɓe yana rage ta. Yashin shimfiɗa mai kaurin santimita 3 zai ɗan haura mita 1 ta ma'aunin cika.

Wajen sayen duwatsun kada a tura yaro, mai gida ya je da kansa. Ya ɗauki guda biyu ya gwara su: mai kyau yana ba da ƙara mai tsini, wanda aka yi wa rowar siminti kuwa ƙararsa a dushe take. Ya karce gefen ɗaya da ƙusa ya ga ko zai zubar da gari. Ya kuma tambayi ranar da aka buga su, domin kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, kuma dutsen da aka ɗauko bayan kwana uku da bugawa tun a cikin mota gefunansa suke fara ɓantarewa. Idan masu launi ake so, a sayi duka a lokaci ɗaya daga bugu ɗaya, in ba haka ba launin zai sha bamban.

Haƙa da fitar da gangare

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa suke tsallakewa. A kafa fegi a kusurwoyi, a ɗaura igiya a daidai tsayin da ake so saman intalok ya tsaya. Sharaɗi biyu ne ba a sassauta su. Na farko, saman shimfiɗar ya kasance ƙasa da daɓen ɗakuna da aƙalla santimita 15, domin ruwa ko fantsamarsa kada su kai ga bango su jawo masa laima. Na biyu, wurin ya gangara daga jikin gini zuwa rariya da kimanin santimita 2 a kowace mita, wato a tsakar gida mai mita 8 ƙarshen da yake bakin rariya zai fi na jikin ɗaki ƙasa da santimita 16. Ido ba ya iya auna wannan. A yi amfani da siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa, irin wanda birkiloli suke riƙewa: mutum ɗaya ya tsaya da kai ɗaya a jikin ɗaki, wani ya kai ɗaya kan bakin rariya, inda ruwan ya tsaya a ɓangarorin biyu tsayi ɗaya ne, daga nan sai a auna a sauko da santimitocin da ake buƙata. Idan lissafi ya nuna cewa rariyar ta yi sama, a fasa ta a saukar da ita tun yanzu, kuma a leƙa waje a tabbatar kwatar lungu ta fi ta ƙasa.

Zurfin haƙa shi ne jimillar abin da za a zuba: santimita 6 na dutse, 3 na yashi, 10 na gado, kusan santimita 20 ke nan a ƙasan igiya. Wurin ajiye mota yana son gado mai santimita 15 zuwa 20. A kwashe duk baƙar ƙasar sama da saiwoyi da tsohuwar shara, domin duk abin da yake ruɓewa zai bar rami a ƙarƙashi. Irin ƙasar gidan ma abin lura ce. Jigawa mai yashi, irin wadda ta yawaita a arewacin Katsina da wajajen Maraɗi da Damagaram, tana tsotse ruwa da wuri, matsalarta kawai ita ce saurin zamewa idan ba a tokare gefe ba. Ƙasar laka ta fadama kuwa kumbura take da damina ta tsattsage da rani, don haka tana buƙatar a ƙara zurfin haƙa a kuma ƙara kaurin gado. Idan an ci karo da gidan gara, a tone shi har ƙasa a cike ramin da burji a daɓe. Haka ma tsohuwar masai ko rijiyar da aka cike: irin wannan wuri yana ci gaba da zama shekara da shekaru, kuma shi ne yake fara lotsawa.

Bayan haƙa sai a daɓe ƙasar kanta, sannan a zuba burji kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce santimita 5 zuwa 7 idan da hannu ake daɓewa, a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara wani. Ga yadda ake gane danshin ya yi daidai: a damƙi burjin a tafin hannu a matse, idan ya dunƙule bai jiƙa hannu ba, kuma ya wargaje da aka sake shi ƙasa, to ya yi. Idan ya ƙi dunƙulewa ya bushe da yawa, idan ya manne a yatsu ruwa ya yi yawa, sai a jira ya sha iska. Hayar injin daɓe na kwana ɗaya kuɗi ne da ba a yin da-na-sanin kashe shi. Inda babu shi, a cika babban gwangwani da kankare a kafa masa sanda a tsakiya, in ya bushe ya zama madaɓi mai nauyi. Iyayenmu mata da suke taruwa su yi daɓen ɗaki da tsakuwa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba sun san wannan sarai, shi ya sa suke wuni suna bugu a wuri ɗaya. Alamar gado ya yi ita ce mutum ya taka da dunduniya da ƙarfi bai bar sawu ba. Kuma gangaren nan da aka auna, a jikin gadon ake fitar da shi, ba a bari sai an zo kan yashi a ce za a cike bambancin da shi.

Akwai masu shimfiɗa leda a ƙarƙashi da nufin hana ciyawa fitowa. Ban goyi bayan haka ba, domin ledar tana tare ruwan da ya sauka ta tsakanin duwatsu, yashin ya jiƙe ya yi laushi, alhali yawancin ciyawar da ake gani daga sama irinta yake faɗawa cikin tsagin.

Gefe, yashi da jeri

Intalok ba siminti ne yake riƙe shi ba, matsuwar da duwatsun suka yi wa juna ce. Saboda haka duk ɓangaren da babu katanga ko bango, dole a kafa dutsen gefe ko bulo a zaunar da shi cikin kankare, har da zagayen bishiyoyi. Kwaɓin da aka saba shi ne kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma buhun siminti mai kilo 50 yana ba da kusan kwano 2. A bar gefen ya kwana biyu ya kama kafin a ci gaba.

Yashin shimfiɗa ya zama mai tsauri, na rafi, wanda aka tankaɗe aka fitar da duwatsu, ko kuma garin dutse. A kwantar da bututun ƙarfe guda biyu masu kaurin kusan santimita 3 a kan gadon, a zuba yashi a tsakaninsu, a ja miƙaƙƙen katako a kansu ya share abin da ya yi yawa, sannan a zare bututun a cike gurbinsu da cokalin gini. Daga nan ba mai sake taka wurin, yaro ko kaza, kuma kada a baje fiye da abin da za a iya rufewa a ranar.

Ana fara jeri daga kusurwa mai kyau ko daga jikin bango mafi miƙewa. Don tabbatar da kusurwar, a auna mita 3 a igiya ɗaya da mita 4 a ɗayar, idan tsakanin alamun biyu ya ba da mita 5 cif, kusurwar ta tsaya daidai. Mai jerin yana durƙusawa ne a kan duwatsun da ya riga ya ajiye, yana sauke kowane dutse a tsaye ba tare da ya ja shi a kan yashi ba, yana barin tsagi na milimita 2 zuwa 5. Bayan kowane layi huɗu ko biyar a ja igiya a duba, domin ƙaramar karkata a farko tana zama babba a ƙarshe. Inda mota za ta riƙa juyawa, jerin da ya fi ƙarfi shi ne wanda kan kowane dutse yake tokare da cikin na kusa da shi, ya fito kamar ƙashin bayan kifi, domin taya ba ta iya tura shi gefe ɗaya. Yanka a bar shi sai ƙarshe, a guji saka guntun da bai kai kashi ɗaya cikin uku na dutse ba, kuma mai yanka da giranda, wato injin yanka, ya rufe hanci da idanu ya riƙa jiƙa dutsen, saboda ƙurar kankare tana illata huhu.

Idan an gama, a share wurin tas, a bi da injin daɓe wanda aka sa wa roba a ƙasa, ko a ɗora katako ana bugunsa da gudumar roba. Sai a watsa busasshen rairayi mai laushi a share shi cikin tsagogin, a sake daɓewa, a sake sharewa har sai sun daina sha. Kada a cike tsagin da siminti, domin zai tsattsage, kuma ranar da bututu ya fashe a ƙasa sai an farfasa duwatsun kafin a kai gare shi.

Dakali

Tsakar gida ba ta cika ba sai da wurin zama. A zaɓi gefen da inuwa take sauka da la'asar, a haƙa tushe mai zurfin kamar santimita 20, a zuba kankare, a ɗora bulo layi biyu yadda tsayin dakalin daga saman intalok zai tsaya a santimita 40 zuwa 45, wanda shi ne tsayin da dattijo yake zama ya miƙe ba tare da wahala ba. Faɗin santimita 50 ya isa zama, wanda yake son a riƙa shimfiɗa tabarma a kishingiɗa sai ya kai shi 80 ko fiye. A cike cikinsa da burji a daɓe kashi-kashi, a rufe da kankare mai kaurin santimita 5 zuwa 7, a ɗan karkata samansa zuwa gaba don kada ruwa ya kwanta a jikin bango, a kuma dakushe bakinsa saboda yara. Shayar da shi ruwa wajibi ne: safe da yamma har kwana 7 aƙalla, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara. Idan iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙara kula, domin busasshiyar iskar tana zuƙe ruwan kankare kafin ya kama, sai a wayi gari samansa ya yi tsaga kamar tafin ƙafa.

Morewa da kulawa

Kaka lokacin shanya ce, kuma wuri mai tsafta irin wannan yana sauƙaƙa shanyar kuɓewa da barkono da gyaɗa da masara. A dai shimfiɗa tabarma ko tamfol tukuna, don rairayin tsagi kada ya shiga abinci, ƙwayar hatsi kuma kada ta faɗa ciki ta jawo tururuwa ko ta tsiro da ruwan farko. Turmi kada a kafa shi a kan duwatsun, domin bugun taɓarya yana lotsa su, a ware masa wurinsa a kan ƙasa. Da sanyi ya shigo aka fara fito da kasko don jin ɗumi a bakin dakali, a ɗora shi a kan jan bulo ko a kan tarin yashi, saboda zafin garwashi yana ƙona fuskar kankare ya ɓantare ta. Idan an tashi kwanciya a kashe garwashin a waje, kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, domin hayaƙin gawayi ba a ganinsa ba a jin warinsa, kuma yana kashe mutane cikin barci.

A makonnin farko rairayin tsagi zai riƙa sauka, sai a riƙa ƙara masa, kuma mai shara ya sassauta hannu kada tsintsiya ta kwashe shi. Ganyen da yake zuba a kwashe shi kullum, domin in ya jiƙa ya ruɓe yana barin tabo. Wani farin abu mai kama da gishiri yana iya fitowa a kan sababbin duwatsu, daga jikin simintin yake, kuma yana gushewa da goga da wucewar lokaci. Kada a yarda a zuba masa ruwan batir, domin yana cin fuskar dutsen ya bar ta da kaushi. Idan manja ko baƙin mai ya zube, a rufe shi nan take da toka ko garin katako ya tsotse, sannan a wanke da garin sabulu da ruwan zafi. Gansakukar da damina ta bari a wuraren inuwa tana da santsi, tana kayar da tsofaffi, a kankare ta da buroshi mai tauri da ruwan bilic da aka sirka sosai, ba tare da an haɗa shi da wani sinadarin wanki ba. Ciyawa a tuge ta tun tana ƙarama, a cike gurbinta da rairayi.

Inda aka ga wuri ya lotsa, ba sai an kira kowa ba. A sa sukundireba biyu a ɓanɓaro dutse ɗaya, sauran za su fito da hannu. A duba dalilin lotsawar, ko bututu ne yake yoyo ko gara ce ta yi hanya, a magance shi, a ƙara burji a daɓe, a baje yashi, a mayar da duwatsun su ɗan fi na kusa da su tudu kaɗan, a buga su da gudumar roba su daidaita. Wanda ya fashe a musanya shi da na ajiya. Sannan a ƙarshen Afrilu, kafin ruwan farko, a zura sanda a rariya a fitar da leda da ƙurar da hunturu ya tara, a kwarara bokiti uku ko huɗu na ruwa daga jikin ɗakuna, a tsaya a bi shi da ido har ya fita waje. Duk inda ya tsaya ya yi minti goma bai wuce ba, a zagaye wurin da alli a ɗaga shi a wannan makon.